Yadda Ake Kai Mara Lafiya Sashen Gaggawa a Saudiyya

Asibiti kam akwai shi a ƙasar nan. Ga Ajyad a gindin Harami, ga An-Nur da na Sarki Abdul'aziz a Makka, ga Al-Ansar kusa da Masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, ga na Sarki Fahad a Jidda. Amma a rakiyar da nake yi wa 'yan'uwanmu ina musu tafinta, abu biyu nake ta gani suna cutar da mu: a zauna a gida har a makara, ko kuma a isa asibitin a kasa faɗin abin da ya kawo mutum.

Da farko ka san abin da ba a kwana da shi. Ciwon ƙirji mai danna mutum, musamman in ya zo da gumi ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ko magana ta sarƙe farat ɗaya. Numfashi ya gagara, suma, jijjiga, jinin da ya ƙi tsayawa. Mai ciki ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani ya kama ta tana gani dishi-dishi. Jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi. Mai sikila ya haɗa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Sai bugun rana, wanda ba a wasa da shi a nan: a Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukuma ta sanar da rasuwar mutum 1,301. Duk wanda ya sha rana jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya rikice, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi, ana yi masa fifita ana kiran mota.

Mura, tarin alhazai, ciwon gwiwa na shekara da shekaru, ko maganin hawan jini ya ƙare, waɗannan na mustausaf ne, wato ƙaramin asibiti, ko cibiyar lafiya ta unguwa. In kana kokwanto, buga 937, layin Ma'aikatar Lafiya ne, za a haɗa ka da likita ya gaya maka inda ya dace ka nufa.

Abu na biyu, kira 997, lambar motar is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya, ta hukumar agaji ta Hilal Ahmar. A yankin Makka da Riyad 911 ma yana aiki. Ni dai a wurina, ciwon ƙirji da shanyewar ɓarin jiki ba a tare musu tasi. Ma'aikatan is'af suna fara aiki tun a hanya, kuma sun san asibitin da ke da kayan wannan cutar. Tun kana lafiya ka rubuta gajeren adireshin gidanka na hukuma, mai haruffa 4 da lambobi 4, ka manna a bayan ƙofa, domin lungunan unguwannin Makka irin su Misfala da Shari' Mansur ba sa kwatantuwa a waya. Baƙo kuma ya riƙe katin otal ɗinsa. A tura yaro bakin titi ya tari motar. Kafin ta iso, kada a ɗura wa wanda ya suma komai a baki, ko da zamzam ne, don zai iya wucewa huhu. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa addu'a a haka. Kada a jira dawowar maigida ko amsar kafili (wanda ya tsaya maka kan izinin zama), a sanar da su daga asibiti.

Ɗauki igama, wato katin izinin zama, ko fasfo, da bayanan inshora, sannan ka tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya da kwalayensu, har na gargajiyar da aka zo da shi daga gida.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Da shigarku za a kai ku teburin tantancewa, wanda suke kira farz. Nas za ta auna hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki da iskar da ke cikin jini, ta yi 'yan tambayoyi, sai ta saka mara lafiya a ɗaya daga matakai 5. Na 1 ana shiga da shi nan take. Na 2 ana son likita ya gan shi cikin minti 15, na 3 cikin minti 30, na 4 awa ɗaya, na 5 awa biyu, in kuwa an cika sai ya zarce haka. Ba a bin wanda ya riga zuwa. Abin da na'ura ta nuna da abin da bakinka ya faɗa a wannan ɗan lokacin su ne ke yanke matakin.

A nan tarbiyyarmu take ba mu wahala. An rene mu da dauriya da kunya. Dattijo ƙirjinsa na ci kamar wuta, a tambaye shi, ya ce, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Ɗan rakiya ya ƙara da "ta'aban shuwayya", wato ya ɗan gaji. Nas ba ta san halinmu ba, abin da ta ji shi za ta rubuta, sai a bar bawan Allah a kan kujera. Godiya ga Allah tana nan daram, amma a gaban wannan tebur ka fara da mafi munin abin da ke damunsa, a jimla ɗaya, tare da lokacin da ya fara. "Alam fis sadr", ciwon ƙirji, tun ƙarfe uku. Wannan kalmar kaɗai tana sa a yi gwajin zuciya cikin gaggawa. In shanyewar jiki ce, faɗi lokacin ƙarshe da aka gan shi garau, domin allurar narkar da gudan jini tana da wa'adin awa 4 da rabi. In an tambaye shi zafin ciwo daga 1 zuwa 10, ka ce masa, "Baba, faɗi gaskiyar yadda kake ji, kada ka rage." Sannan ka lissafa: yana da suga, yana da hawan jini, tana da ciki wata kaza, wani magani yana tayar masa da borin jini.

Iyayenmu mata su ne abin ya fi shafa. Hajiya ba za ta taɓa ambaton zubar jini a gaban ɗanta ko surukinta ba. Saboda haka mace ta raka mace, in babu, ka roƙi nas mace ka ja da baya. Kuma kada a ƙara gishiri don a samu shiga da wuri. Awo zai nuna, ga shi ka tare wa wani da ke tsakanin rai da mutuwa hanya.

Idan an ce ku jira, ka zuba wa mara lafiyar ido. Da ka ga ya canza, ciwo ya ƙaru, ko ya fara gyangyaɗin da ba na barci ba, koma teburin ka faɗa, za a sake auna shi. Kada ku yi fushi ku tafi gida. Kada kuma a ba shi abinci sai an tambaya, ko za a buƙaci tiyata.

Batun kuɗi yana hana da yawa fitowa. Ma'aikacin kamfani dole ne mai aikinsa ya yi masa inshora, bizar Umara ma tana zuwa da inshorar da ta ƙunshi gaggawa, kuma larurar gaggawa ba ta jiran amincewar kamfanin inshora kafin a fara magani. Asibitin kuɗi yana da tsada ga wanda ba shi da inshora, shi ya sa na fi son na gwamnati in akwai zaɓi, amma in rai ne a kan gaba, mafi kusa za a nufa, a yi maganar riyal daga baya.

In an sallame ku, karɓi rahoton likita da takardar magani, ka tambayi alamomin da za su sa ku dawo cikin dare, ka kuma kama ranar ganin likita ta manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya ko a mustausaf kafin maganin ya ƙare.