Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓa wa ƙaramin tauraron ɗan'adam inji

Tun daga tushe ake fara tuntuɓe, inda ake ɗauka cewa kowane tauraro sai an saka masa inji. NigeriaEduSat-1 da GhanaSat-1, waɗanda aka sako daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017, kowanne ɗan akwati ne mai santimita 10 ta kowane gefe, kuma ba su da inji ko kaɗan. Sun yi ta zagaya duniya har 2019, sannan ɗan abin da ya rage na iska a can sama ya janyo su suka ƙone. In aikinka bai buƙaci sauya falaki ba, wato hanyar da tauraro ke bi yana zagayawa, ka bar wa kyamara da batir wannan gurbin.

Wanda ya tabbata yana buƙatar inji kuwa, sau da yawa tsimin mai ne ke ruɗarsa. Injin lantarki mai aiki da iskar zenon ya ninka na iskar gas mai sanyi tsimi fiye da sau goma, shi ya sa ido ke fara sauka a kansa. Sai dai turawarsa ba ta wuce nauyin takarda a tafin hannu ba, sauyin falaki ɗaya yakan ci makonni ko watanni, ga shi da shan wuta. Ka fara lissafa abin da farantan sola za su bayar, ka cire rabon rediyo da kwamfuta, abin da ya rage shi zai gaya maka injin da za ka iya ɗauka.

Akwai kuma masu mantawa cewa a rokar wasu za su rage hanya. Masu roka ba sa murna da tankin da iska ta cika maƙil, balle haidirazin, man roka mai guba. A tambaye su tun kafin a zana tanki. Amfani da sinadarin aidin a matsayin mai na ɗaya daga cikin mafita, domin a daskare ake loda shi. Kamfanin ThrustMe na Faransa ya harba irin wannan injin a 2020, ya kuma yi aiki.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne sakaci da tsabtar bututu. An harba ƙaramin tauraro Lunar Flashlight na hukumar NASA a Disamban 2022 domin neman ƙanƙara a kudancin wata. Kwanaki kaɗan da tashi, injinansa suka fara rauni. Bincike ya karkata ga ɓurɓushin ƙarfe daga sassan da aka ƙera da firintar 3D, wanda ya toshe hanyar mai. Watanni aka yi ana fama, ana ƙara matsin famfo ko toshiyar za ta buɗe, har aka haƙura a Mayun 2023. Aikin shekaru ya salwanta saboda abin da bai kai ƙwayar gero ba! A wanke bututu, a sa matata, a kunna injin gaba ɗayansa a ƙasa bayan gwajin jijjiga.

Kada kuma a ƙarar da mai kaf. Tun 2022 hukumar sadarwa ta Amurka ta yanke cewa tauraron da ke falaki na kusa da duniya, wanda ke ƙarƙashin ikonta, ya sauko cikin shekara 5 bayan gama aiki, don haka a ware man saukowa tun a lissafin farko.