Darasi na Takwas: Abin da Mai Bayar da Ƙoda Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Amince

Ɗan Adam yana da ƙoda biyu, kuma aikinsu shi ne tace jini da fitar da datti ta hanyar fitsari. Idan duka biyun suka gaza, sai majinyaci ya koma wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, a wurare irin su Asibitin Barau Dikko da ke nan Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika. Tsadar wankin ce takan sa dangi su fara maganar dashen ƙoda, wanda aka soma yi a Nijeriya a 2000 a Legas, sannan a Asibitin Malam Aminu Kano a 2002. Daga nan sai ido ya koma kan ƙane, ko ɗa, ko matar majinyacin.

Mai lafiya zai iya rayuwa da ƙoda ɗaya, domin wadda ta rage takan ƙara girma har ta riƙe kusan kashi 70 cikin 100 na aikin da biyun suke yi. Sai dai cire ƙoda babbar tiyata ce da ake yi wa wanda ba shi da ciwon komai. Ana iya samun zubar jini, ko ruɓewar wurin ɗinki, ko daskarewar jini a ƙafa. A Amurka, inda ake ajiye lissafi, kimanin mutum 3 cikin 10,000 ne suka rasu sanadiyyar wannan aiki tsakanin 1994 da 2009. Bayan sallama kuma, ba a ɗaukar kaya mai nauyi na tsawon mako shida ko fiye, don haka manomi ko lebura ko ɗan acaba ya fara lissafin abin da iyalinsa za su ci a wannan tsakani.

Haɗarin da ya fi wannan daɗewa shi ne wanda ba a cika faɗa ba. Wanda ya bayar ba shi da ta ajiya, kuma idan hawan jini ko ciwon suga ya same shi bayan shekara goma ko ashirin, ƙodar nan guda ce za ta ɗauki nauyin. Waɗanda ƙodarsu ke gazawa bayan bayarwa kaɗan ne, amma haɗarin ya fi yawa ga baƙar fata, ga matashin da ke da sauran shekaru masu yawa a gaba, da kuma wanda ciwon ƙoda yake bin danginsa. Mace mai niyyar haihuwa ta sani cewa haɗarin hawan jini lokacin goyon ciki yakan ƙaru, saboda haka ta sanar da ma'aikatan awo tun zuwan farko. Wannan ne dalilin da ya sa likitoci suke auna jini, fitsari, suga da hawan jini, su ɗauki hoton ƙoda, su kuma binciki ciwon hanta da ƙanjamau kafin su yarda. Wanda suka ce bai dace ba, kada ya nemi wata hanya ta bayan fage.

Akwai kuma nauyin zumunci. A gidajenmu ƙane yakan ji kunyar ce wa yayansa a'a, mace kuma takan ji tsoron abin da dangin miji za su ce. Amincewar da kunya ta tilasta ba amincewa ba ce. Mai bayarwa yana da ikon ganin likita shi kaɗai, yana kuma da ikon fasawa ko da an sa ranar tiyata. Ya kuma shirya wa zuciyarsa cewa jikin majinyaci yana iya ƙin karɓar ƙodar, kuma wannan ba laifinsa ba ne. Sayarwa kuwa laifi ne a ƙarƙashin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, kuma dillalan da ke farautar matasa marasa aikin yi ba sa biyan kuɗin magani idan ciwo ya biyo baya.

Wanda ya riga ya bayar ya yawaita shan ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu, ya rage gishiri da magi, ya guji jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Ya tambayi likitansa kafin azumin farko bayan tiyata, sannan ya je a auna masa jini, fitsari da hawan jini aƙalla sau ɗaya kowace shekara, ko da ba ya jin komai.