Yadda Za Ka Fitar Da Faya-fayen Rock Biyar Na Rayuwarka

Shekara ashirin da ɗoriya ina kaɗa jita, amma duk wanda ya tambaye ni faya-fayen kiɗan rock da na fi so, sai in ce ya ba ni mako guda. Ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ga yadda nake yi, in kana son fitar da naka.

Ka ɗauki takarda ka rubuta biyar da ka, ban da leƙa intanet. Wanda sai an tuna maka da shi ba naka ba ne. Kada kuma ka saka faifai don a ce ka san kiɗa. Na taɓa ajiye wani a jerina shekara uku, alhali ban taɓa kai shi ƙarshe ba.

Sai sauraro, daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe, yadda masu shi suka jera. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, wanda ya fito a 1973, da bugun zuciya yake farawa, da shi yake rufewa, waƙoƙin kuma suna zubawa cikin juna. In ka bar waya ta cakuɗa maka su, ka yi asarar rabin abin. Minti 43 ne kacal, ka kife wayar.

Biro ya kasance a hannunka, domin abin da zai faɗo maka ba ya jira. Ni a kaset ɗin yayana na fara jin wannan faifan, irin mai minti 90, shi a gefe ɗaya, faifan Led Zeppelin na huɗu, na 1971, a ɗaya gefen. Wata rana rikoda ta tauna zaren. Yaya ya zaro shi a hankali ya naɗe da biro, amma wurin ya riga ya yamutse, sai sauti ya riƙa nutsewa a tsakiyar waƙar Pink Floyd mai suna "Money" kamar an tsoma shi a ruwa. Har gobe in na kunna a waya, kunnena na jiran nutsewar nan. A waƙar kuma na koyi ƙirga bugu bakwai maimakon huɗu, Yaya yana dukan cinyata yana cewa, "Kai, ƙirga mana, bakwai ne!" Irin wannan za ka rubuta: wa ke ɗakin, da me aka kunna, me hannunka ke yi. "Ya tuna min ƙuruciya" ba ta ƙosar da kowa.

In kai makaɗi ne, ka ɗauko jitarka ka bi faifan, yatsu sun fi ƙwaƙwalwa riƙe abu. Ni bahago ne, wanda ya fara koya min kuwa ya dage sai na kaɗa da dama. Are You Experienced na Jimi Hendrix, na 1967, shi ya raba gardama: da na ji cewa bahago ne, jitar 'yan dama ya juya ya sake mata tsirkiya, daren nan na kwance tawa duka shida.

Ka bar gurbi ɗaya ga sabo. Nawa Afrique Victime ne na Mdou Moctar ɗan Nijar, 2021, shi ma bahago. Da shi na riƙa jijjiga 'yata lokacin da haƙori ya hana ta barci.

Karatun tarihin faifai kuwa sai a ƙarshe, in ba haka ba labarin wasu zai danne naka. Sai da na gama rubuta nawa na gano cewa gangunan John Bonham, makaɗin gangar Led Zeppelin, a waƙarsu "When the Levee Breaks" ta faifan nan na huɗu, a gindin matakalar wani tsohon gida, Headley Grange a Ingila, aka naɗe su. Ni kuwa ina ta zargin lasifikar Yaya da wannan amon.