Yadda Ake Haɗa Ƙaramin Jirgin Sama Mai Rimot A Gida

Samari da yawa nan Garwa suna haɗa jirgi, kyau kam ba magana, amma ana jefa shi sai ya ɗaga hanci sama ya juyo ya daki ƙasa, su ce injin ne ba ƙarfi. Ba injin ba ne ɗan'uwa, nauyi ne ba a daidaita ba.

Jiki da fukafuki ka yanko su daga farin soson nan na cikin kwalin firji, masu shago ma kyauta suke bayarwa. Fukafuki ya kai mita 1 daga baki zuwa baki, ka sa siririn gora a ciki don kar ya karye, bakunan biyu su ɗan ɗaga sama. Kar ka kusanto da Super Glue, cinye soson yake, gam na kyandir ya fi, sai dai a zafin watan Afrilu in ka bar jirgin a rana gam ɗin zai saki. Sauran kayan su ne inji 2212 mai 1000KV, ESC 30A (na'urar da ke ƙara wa injin wuta ko ta rage), batir LiPo 11.1V, servo 9g guda biyu (ƙananan injinan da ke motsa fiffiken wutsiya), farfela 10x4.5. Waɗannan dole saye ne, ka ba ɗan kasuwa mai zuwa Kano saƙo, ya fi sauƙi.

To ga wurin da ake faɗuwa. Auna faɗin fukafukin daga gaba zuwa baya, raba uku, sa alama inda kashi ɗayan farko daga gaba ya ƙare, hagu da dama. Saka batir da komai, ka ɗora jirgin kan yatsunka biyu daidai alamar. Ya tsaya cak ko hancin ya ɗan sunkuya, shi ake so. In wutsiya ta rinjaya ko kaɗan ne kar ka tashe shi, matsa batir gaba, ka sake gwadawa, sannan ka ɗaure batirin tamau don in ya zame a sama an koma gidan jiya. Ni ban yarda da liƙa dutse a hanci ba, ƙarin kaya ne kawai.

Gwaji kuma da sassafe kafin iska ta taso, yashin bakin Binuwai da rani ya yi, nesa da filin jirgi da barikin soja, kuma ka fara neman izinin jandarma, yanayin tsaro ba wasa. Jefa shi tukuna ba wuta, kana fuskantar iska, in ya sauka a hankali sai ka ba shi rabin wuta. Ka duba in ka ja sandar rimot baya fiffiken wutsiya sama yake yi, ba ƙasa ba.