Yadda ake warware sunayen garuruwan Afirka ta Kudu

In ka ga sunaye irin su Bloemfontein ko Witwatersrand a taswira sai ka ɗauka an dai jera haruffa ne kawai, alhali kalmomi ne biyu ko uku aka manne su wuri ɗaya. Asalinsu Holanci ne, yaren da Jan van Riebeeck, wani jagoran Turawan Holan, da mutanensa suka sauka da shi a Cape, gaɓar teku a kudancin ƙasar, a 1652, wanda a hankali ya rikiɗe ya zama Afirkans.

Abu na farko, fara karantawa daga wutsiya. Mu a Hausa irin wurin muke fara faɗa, Birnin Kebbi, Dutsen Ma, su kuma a ƙarshe suke ajiye shi. To ka haddace wutsiyoyin nan: fontein idon ruwa ne, berg dutse, burg birni ko ganuwa, dorp ƙauye, stad babban gari, rand kuma doron tudu mai tsawo. Ka kula da berg da burg, harafi ɗaya ne tsakaninsu amma mutane na yawan cakuɗa su, Drakensberg duwatsu ne, Johannesburg kuma gari ne da ya tashi a 1886 saboda zinare.

Na biyu sai ka dubi abin da ya rage a gaba, yawanci ko sunan mutum ne ko kamannin wurin. Krugersdorp ƙauyen Paul Kruger kenan, wani tsohon shugaban Turawan yankin. Witwatersrand in ka yanka shi uku, wit fari, water ruwa, rand tudu, wato tudun farin ruwa, kuma daga nan ne kuɗin ƙasar ya samo sunansa na rand a 1961, ni wannan ne ma ya fi burge ni wallahi.

Na uku duba rubutun. In ka ga sch kamar a bosch (daji) na Stellenbosch to tsohon rubutun Holanci ne, da Afirkans bos kawai ake rubuta daji. Simon van der Stel, mai mulkin Cape a lokacin, shi ne ya kafa garin a 1679 ya liƙa masa sunansa, dajin Stel.

Na ƙarshe kar ka tsaya a fassara kaɗai, leƙa tarihin garin. Bloemfontein a zahiri idon ruwan furanni ne, tunda bloem fure ne, amma akwai masu cewa daga sunan wani shugaba ne mai suna Jan Bloem. Su kuwa masu yaren Sesotho da ke yankin, Mangaung suke kiran wurin.