Babi na Bakwai: Layi Biyu da Layi Ɗaya a Gwajin Direba

Wannan babin naku ne, direbobin haya da kwandastoci da yaran mota, masu zuwa aji bayan sallar isha'i da ƙurar hanyar Daura ko ta Funtuwa a jikinku. Sannunku da ƙoƙari. Wata rana jami'an kiyaye haɗurra za su iya tsayar da kai su ce ka hura iska a na'ura, ko kuma inda kake neman aikin tuƙi a ce sai an gwada fitsarinka don a ga ko kana shan ƙwaya. Ina so ranar ta same ka kana iya karanta sakamakon da idonka.

Darasi na Ɗaya: Kofi

Za a miƙo maka kofin roba mai murfi. Duba, yana cikin ledarsa? A gabanka ya kamata a yage ta. Kafin ka karɓa, ka faɗi duk maganin da ka sha cikin 'yan kwanakin nan, ko na tari ne, ko na ciwon jiki, ko na barci. In likita ne ya rubuta maka, ka zo da takardar da kwalin. Kafin gwaji ake faɗa.

Shiga ban ɗaki, ka yi fitsari har ya kai zanen da ke jikin kofin, ka rufe, ka kawo da ɗuminsa. Kada ka ƙara ruwan buta. Da yawa daga cikin kofunan nan suna da ma'aunin zafi a jiki, fitsarin da ya huce zai nuna kansa.

A jikin kofin akwai 'yan tagogi, kowace da haruffa uku. THC ta wiwi ce. OPI ta kodin ce da danginsa. BZO ta magungunan sa barci irin su baliyam. Tiramol kuma TML ko TRA ake rubutawa.

Darasi na Biyu: C da T

Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka mu zauna sosai.

A gefen kowace taga akwai haruffa biyu. C a sama, mai kama da jinjirin wata, C ta cokali. T a ƙasa, sanda ce da aka gitta mata kara a ka, T ta tasha. Ɗauki fensir ka rubuta su sau biyar. Madalla. Bayan minti biyar da zuba fitsari, jan layi zai fito kusa da su.

Layi biyu, ɗaya a C ɗaya a T: ba a ga ƙwaya ba. Kana da tsabta.

Layi ɗaya a C kaɗai, T babu komai: an ga alamar ƙwaya.

Na san abin da ke ruɗa ku. Kun saba da gwajin zazzaɓin cizon sauro, inda layi biyu ke nufin akwai cuta. Wannan akasinsa ne. Wani ɗalibina, dattijo mai furfura da ya daɗe yana lodin Kano, na nuna masa hoton taga mai layi biyu, sai ya riƙe baki ya ce, "Malam, ai wannan an kama shi." Na ce, "Baba, sake dubawa." Sau uku muka yi kafin ya zauna masa. Ba laifi ba ne, idonsa ya saba da wancan.

To mu maimaita tare da ƙarfi. Layi biyu? Tsabta. Layi ɗaya a C? An ga alama. Rufe littafin ka faɗa wa na kusa da kai. Buɗe. Layi biyu? Tsabta.

In layin T ya fito dishi-dishi fa, kamar an goga lalle ya koɗe? Layi ne. Ko da ƙyar ake ganinsa, layi ne, kuma biyu ke nan, tsabta ke nan. In kuwa C ce ba ta fito ba, gwajin ya lalace, sai a kawo sabon kofi. Layi ɗaya ma ba shi ne maganar ƙarshe ba: in ka san ba ka sha komai ba, ka roƙa cikin ladabi a kai fitsarin ɗakin gwaje-gwaje a tabbatar.

Sake faɗa mini: layi biyu?

Yanzu ku saurara. Makon jiya wani ya tsayar da ni a ƙofar aji yana tambaya ko ruwan tsamiya na wanke fitsari. Haba! Don wannan na koya muku C da T? Wiwi kan yi makonni a jikin wanda ya mayar da ita abin kullum, tsamiya ba ta fitar da ita. Tun 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma har yau wasunku na kurɓa a bayan tasha, wasu na haɗiyar tiramol wai don kada barci ya ɗauke su a tafiyar dare. Matan aure da jarirai kuke ɗauka a bayanku. Wanda abin ya kama shi ya je asibiti ko ofishin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suna da masu ba da shawara. Ku ji tsoron Allah.

Darasi na Uku: Hura iska

Wannan na giya ne. Sa bakinka a sabon bututu, ja numfashi, ka hura a hankali ba tsayawa har na'urar ta yi ƙara. Lamba za ta fito. Iyakar da dokar hanya ta sa a Nijeriya ita ce 0.05: sifiri, ɗigo, sifiri, biyar. Sifiri biyu ne, ku lura. Taka dai ta nuna 0.00.

Darasi na Huɗu: Sa hannu

Nemo sunanka da kwanan wata a takardar. In ba ka gane rubutun ba, ka ce a karanta maka kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa.

Aikin gida: zana taga uku, mai layi biyu, mai layi ɗaya a C, da wadda C ba ta fito ba. Rubuta ma'anar kowace a ƙasanta, ka zo da shi ranar Laraba.