Yadda ake noman tazargade a Kaduna

Mutane da yawa sun san tazargade a busashe a wurin masu magani, amma kaɗan ne suka taɓa ganin ta tsaye a gona. Dangin shuwaka da latas ce. Nau'in da masana ke kira Artemisia annua asalinsa ƙasar Sin, kuma daga ganyensa masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin Tu Youyou da abokan aikinta suka fitar da sinadarin atemisinin, wanda ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, a 1972, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Tazargade tana iya kai mita 2, ganyenta a tsattsage mai ƙamshi, furenta ƙanana rawaya.

Wahalar nomanta duk tana wurin reno. Irin ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya ya haura ƙwaya 10,000, shi ya sa ba a shuka shi kai tsaye a gona. A tankaɗe ƙasa kashi 2, rairayi kashi 1, ruɓaɓɓen taki kashi 1, a zuba a faranti mai huji a ƙasa. A ɗebi irin da ɗan yatsa biyu, a cuɗa da rairayi cikin cokali 5, a yafa a sama. Kada a rufe da ƙasa ko kaɗan: sai da haske yake tsira, wanda aka binne ya tafi ke nan. Ban ruwa kuma daga ƙasa ake yi, a ajiye farantin cikin kwano mai ruwa har danshi ya hau. Ruwan buta yana tara irin wuri guda ya binne shi.

Cikin mako guda za a ga tsiro. Nan ne ake yawan asara: in ruwa ya yi yawa, iska ba ta ratsawa, sai gindin tsiron ya ruɓe ya kwanta. A sa farantin inda hantsi ke samunsa, a kare shi daga ranar tsaka. Da ya yi ganye 4 a mayar da kowanne leda. Ledar fiya wata da aka huda ta isa. Bayan mako 6 zuwa 8, ya kai kamar kamu ɗaya, sai dashe.

Lokaci shi ne abin da ya kamata manomin Kaduna ya fi kula da shi. Gajeren yini ke sa wannan tsiro fure, kuma a nan tsawon yini ba ya kai awa 13 ko a watan Yuni. Shi ya sa irin da aka kawo daga ƙasashen sanyi yakan yi fure tun yana ƙarami, ganyen bai taka kara ya karya ba. A nemi irin da aka tace don ƙasashe masu zafi, a yi reno a Maris, a dasa a Mayu da damina ta zauna. Ƙishirwa ma tana jawo fure da wuri, don haka makonni biyun farko kada ƙasa ta bushe.

A dasa da yamma a kan kunya, tazarar mita 1. Ba ta son ruwa ya kwanta mata, kuma markar Agusta tana kashe wadda ke kwari. A yi noma sau biyu tun tana ƙarama. Gara kuwa takan ci gindin wadda ta sha ƙishi.

In an samu tsiro mai ganye da jinkirin fure, a yanki reshensa mai tsawon yatsa a kafa cikin rairayi mai danshi a inuwa, zai yi saiwa cikin mako 2 zuwa 3. Wannan ya fi ajiye iri, domin 'ya'yan irin da aka tace ba sa fitowa kamar uwar.

Ana girbi da zarar kan fure ya fara ɗaurawa, kafin ya buɗe. A shanya a inuwa mai iska, a kakkaɓe ganyen, a adana a buhun takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha ganyen a madadin maganin zazzaɓin cizon sauro ba, domin ƙarfin sinadarin yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro. Mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa.